Yadier Molina ya sauke kaya: kaka 19 a tsugune, riga ɗaya

Baban Walida (St. Louis):
Assalamu alaikum jama'a. To, magana ta ƙare. Daren Asabar 8 ga Oktoban 2022 'yan Philadelphia Phillies suka yi waje da mu, St. Louis Cardinals, daga gasar ƙarshen kakar besbol da ci 2-0 a cikin gidanmu, Busch Stadium, kuma da wannan wasa ne Yadier Molina ya ajiye safar hannu. Tun watan Agustan 2021 ya ce kakar 2022 ce ta ƙarshe, ba wanda zai ce an shammace shi, amma duk da haka jikina a sanyaye yake.

Na san idon duniya yana kan Albert Pujols da hom-ron ɗinsa 703, wato bugun da mai bugu ke zagaye duk tashoshi da shi, galibi in ƙwallo ta tsallake katanga, kuma ya ci a yabe shi. Ni dai Yadi, wato Molina, nake so mu taɓa. Cardinals suka ɗauko shi daga Puerto Rico a 2000, ya fara buga babbar gasa ranar 3 ga Yuni 2004, kuma daga ranar har ya gama bai sa rigar wani kulob a gasar ba. Kaka 19. Wasa 2,184 yana tsugune a bayan faranti, inda mai bugu ke tsayawa, yana cafe jifa, kuma ba a taɓa yin mai cafe da ya yi wa ƙungiya ɗaya wannan adadi ba. World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi, huɗu ya buga, ya ɗauki biyu, 2006 da 2011. Gold Glove, kyautar gwanin tsaron fili, tara; All-Star, zaɓen gwanayen kaka, sau goma.

Abin da zan fi kewa shi ne kwanciyar hankali. Magoya bayan sauran ƙungiyoyi, da zarar abokin hamayya mai gudu ya kai tasha ta ɗaya sai gabansu ya fara faɗuwa, don sun san yanzu zai sace ta biyu, wato ya ruga can ana cikin jifa kafin mai cafe ya aika ƙwallo a fitar da shi. Mu kuwa sai mu gyara zama mu ce Allah ya sa ya gwada. Yawanci ma ba sa gwadawa. Ku duba tun daga 2005 zuwa 2022, babu ƙungiyar da aka fi ƙarancin sace wa tasha kamar Cardinals, kuma ratar da ke tsakaninta da mai bi mata ba ƙarama ba ce. Mutum ɗaya ne ya jawo haka.

Bugunsa na ƙarshe ma a zagaye na tara ne, an fitar da mutum biyu saura ɗaya a tashi, ya ƙi yarda a ce a kansa wasan ya ƙare. Ya buga ya isa tasha ta ɗaya, aka sa wani ya yi gudu a madadinsa, filin duka ya miƙe tsaye.

Sadik (Kano):
Wa alaikumus salam Kawu. Ni ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka fara mana wasan nan a nan, na kalla a waya har aka gama. Bana na fara bin besbol, kuma gaskiya har yanzu ban gane me ya sa ake ta kuka a kan mutumin ba. Ni abin da nake gani, wani ya jefo ƙwallo shi kuma ya cafe ya mayar masa. A bugu ma bana bai taɓuka komai ba. Don Allah a wayar min da kai, ba raini ba ne.

Hajiya Rabi (St. Louis):
Sadik ɗana, da ma kai ne za ka zo gidana ranar da autana ya dawo daga wasan makarantarsu. Shi ma mai cafe ne, kuma saboda Yadi ya zaɓi wurin, lamba 4 ce a bayansa. In ya cire safar hannun nan za ka ga yatsansa na nuni ya kumbura ya yi baƙi, cinyoyinsa duk tabon ƙwallo, kayan kuwa, sulken ƙirji da makarin ƙwauri da garkuwar fuska, sai na shanya su a waje don gumi. Wannan fa yaro ne, jifan 'yan makaranta yake cafewa sau ɗaya ko biyu a mako. Su can wasa 162 ne a kaka, kusan kullum, kuma a wasa ɗaya mai cafe zai tsuguna ya tashi sama da sau ɗari.

A watan Mayun 2018 Jordan Hicks ya jefo ƙwallo mai gudun mil 102 a awa, wato sama da kilomita 160, ta gogi kulkin Kris Bryant ta sauka wa Yadi a wurin da ba na iya faɗa a nan. A daren aka yi masa tiyata. Wata ɗaya ya dawo ya ci gaba da tsugunonsa, kuma a shekarar ya sake cin Gold Glove yana ɗan shekara 36. Manyan yatsunsa biyu ma duk an yi musu aiki, na dama a 2014, na hagu a 2015.

Baban Walida:
Hajiya ta faɗi na jiki, bari na ƙara na ƙwaƙwalwa. Sadik, kafin kowane jifa ka lura da hannun mai cafe na dama a tsakanin cinyoyinsa. Shi ne yake gaya wa mai jifa abin da zai jefo: mai gudu, ko mai lanƙwasa, ko mai yaudara wadda ke fitowa kamar mai gudu amma ta iso a sanyaye, sannan ta ina, ciki ko waje, sama ko ƙasa. Bana an kawo wata na'ura mai suna PitchCom da ake danna maɓalli a maimakon yatsu, amma shawarar dai tana hannun mai cafe. Dole ya san raunin duk mai bugu, ya tuna abin da aka jefa masa ɗazu da abin da aka jefa masa watan jiya, ya kalli yadda ya ajiye ƙafafunsa yau. Dole kuma ya san nasa mai jifan, ko yau lanƙwasarsa tana ci ko ba ta ci, ko ya tsorata. Shi kaɗai ne a cikin mutum tara yake fuskantar filin gaba ɗaya, shi ya sa za ka ga yana nuna wa na baya su matsa hagu ko dama.

Sai maganar ɓarawo. Daga faranti zuwa tasha ta biyu kusan mita 39 ne. Daga lokacin da ƙwallo ta taɓa safarsa zuwa ta isa can, daƙiƙa biyu ce kawai yake da ita, daga tsugune. Yadi ya kama kusan kashi 40 cikin ɗari na duk waɗanda suka gwada shi tsawon rayuwarsa ta wasa, a 2005 ma ya haura kashi 60. Kuma a zamanin da Pujols yake tsaron tasha ta ɗaya suna da wata muguwar dabara: mai gudu ya ɗan yi nisa da tasha yana hamma, su haɗa ido kawai, sai ka ga ƙwallo ta wuce ta bayan mai bugu ta isa hannun Pujols kafin mutumin ya ankara.

Sadik:
Ashe kamar gola ne da kyaftin da mataimakin koci a jikin mutum ɗaya. Na gode Kawu, na gode Hajiya.

Alhaji Tanko (Bronx):
Ku yi ta yabonsa, ni mutumin nan ya taɓa hana ni cin abincin dare. 19 ga Oktoba 2006, Shea Stadium, wasa na bakwai, wanda ya ci ya tafi World Series. Mets ɗinmu sun ci wasa 97 a kakar, su Cardinals 83 kacal suka lallaɓo da shi. Ina cikin mota ina aiki, rediyo a kunne. A zagaye na shida Endy Chávez ya yi tsalle ya zaro ƙwallon Scott Rolen daga bayan katanga, na ce shi ke nan, Allah ya ba mu. Ana 1-1 har zagaye na tara. Sai ga wannan yaro Yadi, wanda a kakar gaba ɗaya .216 ya buga, wato bugunsa bai fi kashi 22 cikin ɗari yake ci ba, wanda duk New York ba wanda yake tsoronsa, ya ɗauki jifan Aaron Heilman ya watsa ta bayan katangar hagu. 3-1. Fasinjan da ke bayana ya ce na sauke shi a nan, zai ƙarasa a ƙafa.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne na bayansa. Mun cika tashoshi uku, Carlos Beltrán ne da kulki, mutumin da ya saba yi wa Cardinals ɓarna. Mai jifansu Adam Wainwright sabon shiga ne, an tura shi rufe wasa ne don mai aikin ya ji ciwo. Jifa uku kawai. Na farko mai yaudara, wanda ba mai hankalin da zai fara da shi a irin wannan wuri. Na ƙarshe mai lanƙwasa, Beltrán yana tsaye da kulki a kafaɗa yana kallo har ta shige. Wa ya kira waɗannan jifa? Yaro ɗan shekara 24. Shekara 16 ke nan ban yafe ba, amma na cire masa hula.

Baban Walida:
Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Wannan Wainwright ɗin kuwa shi ne suka yi ta tafiya tare har bana. Ranar 14 ga Satumba suka fara wasa na 325 a matsayin mai jifa da mai cafe, suka karya tarihin Mickey Lolich da Bill Freehan na Detroit Tigers, 324, wanda ya daɗe tun shekarun 1970. Sun tsaya a 328. A yadda ake sauya 'yan wasa yanzu, ban ga wanda zai kamo su ba.

Auwal Lissafi (Chicago):
To, tunda kowa ya gama zubar da hawaye, bari ɗan Cubs ya ɓata muku taro. Yallaɓai Baban Walida, da girmanka, amma mu kalli takarda. Matsakaicin bugunsa .277, hom-ron 176 a kaka 19, wato bai kai goma a shekara ba. In aka auna bugunsa da na sauran 'yan gasa a zamaninsa, ɗan ƙasa da matsakaici yake fitowa. Shekarun da ya yi zafi da kulki ba su wuce 2011 zuwa 2013 ba. Bana .214 ya buga a wasa 78. Gudu kuwa kada ma a yi magana, in ya buga ƙwallo ƙasa sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai isa tasha ba.

Gold Glove tara, na ji. Iván Rodríguez yana da 13, Johnny Bench yana da 10, kuma dukansu sun ci MVP, kyautar gwarzon ɗan wasan shekara, abin da Yadi bai taɓa ci ba. Matsalata da 'yan St. Louis ita ce duk lokacin da lissafi ya ƙi ba su gaskiya sai su ce ai abin nasa ba ya aunuwa. To in ba ya aunuwa, ta yaya kuka san yana nan?

Nafisa (Oakland):
Yaya Auwal ya ɗan taɓo inda nake. Buster Posey ya yi ritaya bara yana shekara 34, ba a yi wannan hayaniya ba. MVP a 2012, kofi uku da Giants, 2010, 2012, 2014, matsakaicin bugu .302. Kuma wannan bayan an karya masa ƙafa a faranti a watan Mayun 2011, karon da ya sa aka sauya doka a 2014 aka hana banke mai cafe. In za a ba ni ɗaya daga cikinsu a ganiyarsa, Posey zan ɗauka ba tare da na yi dogon tunani ba.

Hajiya Rabi:
Nafisa 'yata, a ganiyarsa kika ce. Ganiyar ta shekara nawa ce? Posey hit, wato bugun da ya kai shi tasha lafiya, 1,500 ya yi ya tafi gida, kuma sau da yawa ana kai shi tasha ta ɗaya ya huta da gwiwoyinsa. Yadi 2,168 ya yi, kusan duka yana ɗauke da kayan nan.

Baban Walida:
Auwal ƙanena, tambayarka mai kyau ce, kuma tana da amsa. Wani ɓangaren yana aunuwa. Tun da aka sa kyamarorin bin jifa a filaye wajen 2008, masu lissafi irinka suka gano cewa yadda mai cafe yake karɓar ƙwallon da ta zo gefen iyaka yana sa alƙali ya kira ta sitiraik, wato jifa mai kyau da ake ƙirga wa mai bugu a matsayin kuskure, ko ya ƙi. Safar ba ta rawa, ba ya fizgo ƙwallo, yana tarar ta ne a inda take. Da aka shigar da wannan cikin lissafi, darajar Yadi ta yi sama sosai, ta yayansa José ma haka, mutumin da a da ake ganin ɗan benci ne kawai. Wato shekara da shekaru abin yana nan, ma'aunin ne bai iso ba. Me zai hana kiran jifa ma ya zama haka?

Sannan maganar da na yi cewa ya kama kashi 40. Waɗanda suka gwada ke nan, kuma masu gwada Yadi su ne mafiya gudu a gasar, don mai matsakaicin gudu kocinsa ba zai ma ba shi izini ba. Wanda ya tsaya cak a tasha ta ɗaya don tsoro, sai na bayansa ya buga ƙasa a fitar da su biyu lokaci ɗaya, a wane shafi ake rubuta wa Yadi wannan? A shafin mai jifa yake fitowa. Ka lissafa masu jifa nawa suka zo St. Louis a raunane suka farfaɗo, suka tafi wani wuri suka koma gidan jiya. Dave Duncan, kocin masu jifanmu na lokacin, yana da nasa kason a wannan, ban musa ba, amma Duncan ya bar aiki bayan kofin 2011, Cardinals kuma suka sake kai wa World Series a 2013 da tarin yara masu jifa irin su Michael Wacha da Trevor Rosenthal da Carlos Martínez. Shekarar Yadi ya buga .319 ya zo na uku a zaɓen MVP.

Auwal Lissafi:
Na karɓi maganar karɓar ƙwallo, tana cikin lissafi. Sauran kuwa labari ne mai daɗi. Kuma tunda ana maganar sadaukarwa, wa zai bayyana min abin da ya faru a watan Agusta? Ya yi makonni yana jinyar gwiwa a Puerto Rico, ya dawo, ana tsakiyar neman kai wa gasar ƙarshe, sai ya bar ƙungiya a Arizona ya hau jirgi ya tafi kallon ƙungiyarsa ta ƙwallon kwando, Vaqueros de Bayamón, tana ɗaukar kofi. Wasa biyu bai buga ba. Dala miliyan 10 ake biyansa bana. Da wani ne ya yi haka da kun cinye shi ɗanye.

Hajiya Rabi:
Wannan kam ni ma bai yi min daɗi ba, kuma na faɗa a lokacin. Yara suna kallo. Autana ya tambaye ni ko shi ma zai iya barin wasa ya tafi biki, na rasa amsar ba shi.

Alhaji Tanko:
Ni da ba masoyinsa ba zan kare shi a nan. Malam Auwal, mutum ya ba ka shekara 19, ya nemi kwana biyu, kuma da izinin shugabanninsa ya tafi. Kocin nasu ma, Oliver Marmol, Yadi ya girme shi da shekara huɗu, wa zai hana wa? Mu nan Bronx muna zaune da 'yan Puerto Rico gida ɗaya, na san yadda suke ji da tsibirin nan nasu. Lokacin guguwar Maria a Satumban 2017, da aka yi watanni ba wuta, Yadi da kansa ya je yana rabon abinci da ruwa gida-gida, ba aike ya yi ba. A kan haka aka ba shi kyautar Roberto Clemente a 2018. Wanda bai san Clemente ba, ɗan Puerto Rico ne da ya rasu a haɗarin jirgi ranar 31 ga Disamba 1972 yana kai kayan agaji Nicaragua bayan girgizar ƙasa. A wurinsu ba kyautar da ta kai wannan nauyi.

Nafisa:
Abin da ni ke burge ni shi ne gidansu. 'Yan'uwa uku ciki ɗaya, Bengie da José da Yadier, duka masu cafe, duka sun buga babbar gasa, duka suna da zoben World Series. Ba a taɓa yin haka ba. Bengie namu ne a Giants kafin Posey ya karɓe shi a 2010. Mahaifinsu ma'aikacin masana'anta ne da ke koyar da yara besbol bayan ya tashi aiki, kuma a filin yaran ya faɗi ya rasu a watan Oktoban 2008.

Sadik:
Allah sarki. To Kawu, zai shiga wannan Hall of Fame ɗin da ake ta faɗa?

Baban Walida:
Sai ya yi shekara biyar da ritaya kafin sunansa ya hau takardar zaɓe, wato zaɓen 2028, shi da Pujols tare. 'Yan jaridar besbol ne ke zaɓe, kuma sai mutum ya samu kashi 75 cikin ɗari kafin a kai hotonsa Cooperstown, garin da wannan zaure na karrama gwanayen besbol yake. Pujols ba a ma tambaya. Yadi, ni na ce zai shiga a karon farko.

Auwal Lissafi:
Zai shiga, don 'yan jarida suna son labari. Karon farko ne ban yarda ba. Yogi Berra da zobe goma sai a karo na biyu ya shiga, Carlton Fisk ma haka, Gary Carter sai da ya jira har karo na shida. Mu ajiye wannan saƙon, Allah ya kai mu.

Ni abin da zan tuna shi da shi dai ranar nan ce ta Afrilun 2017 da muka zo St. Louis, ƙwallo ta daki ƙasa ta manne a sulken ƙirjinsa, yana ta juye-juye yana nemanta, ɗan wasanmu ya ruga tasha ta ɗaya, muka zo muka ci wasan. Har yau ba wanda ya gaya mana abin da aka shafa wa sulken.

Hajiya Rabi:
Auwal, kai dai ba ka da dama. Ka bar mutum ya tafi da mutuncinsa mana.

Baban Walida:
Bar shi Hajiya, kofi ɗaya suka gani tun 1908, dole ya riƙe ƙananan abubuwa. Ni damuwata baɗi ce, kakar 2023. An riga an sanar da sababbin dokoki: agogon jifa, tashoshi za su ƙara faɗi daga inci 15 zuwa 18, kuma an taƙaita sau nawa mai jifa zai iya jefawa tasha don tsare mai gudu. Duk wannan gata ne aka yi wa ɓarayin tasha, a daidai shekarar da muka rasa mai gadinmu. A cikin masu cafen da suka rage mana, Andrew Knizner yaron kirki ne amma kulkinsa ba nauyi, Iván Herrera kuma bai gama nuna ba. Shi Yadi ya riga ya samu abin yi, zai horar da Navegantes del Magallanes a Venezuela, sannan ya ja ragamar Puerto Rico a World Baseball Classic, gasar besbol ta ƙasashen duniya, a watan Maris na 2023. Mu ne aka bari da neman wanda zai tsuguna. Na ji kwantiragin mai cafe Willson Contreras da Cubs ya ƙare bana.

Auwal Lissafi:
Yallaɓai, ka yi duk zolayar da za ka yi, amma ka cire bakinka daga kan Contreras. In na gan shi da jar hular Cardinals baɗi, fita zan yi daga wannan zaure, kuma kai zan kama da laifi.